Fanigiri a Tsibirin Ikariya: Bikin Ƙauye a Matsayin Baitulmalin Jama'a

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan fanigiri, wato bikin ƙauye da ake gudanarwa a lokacin zafi a tsibirin Ikariya na ƙasar Girka. An dubi asalin bikin da lokutan da ake yin sa, da abincin da ake ci a wurin, da kiɗa da rawar da ke tafiya da shi. Manufar maƙalar ita ce nuna cewa waɗannan abubuwa duka suna yi wa buƙata guda hidima, domin ta hanyar bikin ne ƙauye yake tara kuɗin da zai yi wa kansa ayyukan da hukuma ba ta yi masa ba. An ɗora bayanin a kan ra'in kyauta na Marcel Mauss da ra'in dukiyar tarayya na Elinor Ostrom. Daga ƙarshe an nuna yadda yawon buɗe ido ya ƙara wa bikin kuɗin shiga, ya kuma jefa ikon da ƙauye yake da shi a kan bikinsa cikin haɗari.

Fitilun kalmomi: fanigiri, Ikariya, bikin ƙauye, kyauta, dukiyar tarayya

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen da ke gaɓar Tekun Bahar Rum, watannin Yuni zuwa Satumba lokaci ne na zafi da ɗaukewar ruwan sama. Ruwa yakan sauka ne a lokacin sanyi, a girbe alkama da sha'ir a farkon zafi, sannan a jira nunar inabi a ƙarshensa. Wato a watannin da manomin ƙasar Hausa yake tsakiyar damina, takwaransa na can yana cikin abin da ya yi kama da kaka da rani. Wannan ne ya sa bukukuwan ƙauyuka suka taru a wannan tsakani, tun daga Sifaniya da kudancin Faransa da Italiya da Malta har zuwa Girka. Kusan kowane ƙauye yana da waliyyin da aka raɗa wa cocinsa sunansa, ranar tunawa da wannan waliyyi kuwa ita ce ranar bikin ƙauyen.

Masu tallar yawon buɗe ido sukan gabatar da waɗannan bukukuwa a matsayin daren ci da sha da rawa a ƙarƙashin itatuwa. Wannan siffa gaskiya ce, sai dai ta bar tambayoyin da suka fi damun manazarcin al'ada ba tare da amsa ba. Wa ya kawo naman? Wa ya dafa shi? Wa ya biya makaɗa? Ina kuɗin da aka tara ya tafi? An zaɓi Ikariya ne saboda a can amsoshin waɗannan tambayoyi suna bayyane, kuma tarihin tsibirin yana nuna dalilin da ya sa bikin ya ɗauki siffar da yake da ita a yau.

2.0 Tsibirin Ikariya da Tarihinsa

Ikariya tana gabashin Tekun Ejiyan, kudu maso yamma da tsibirin Samos, ba nisa da gaɓar Turkiyya. Faɗinta ya kai kimanin murabba'in kilomita 255, ƙidayar 2011 kuwa ta nuna mazaunanta 8,423 ne. Wani dogon dutse mai suna Ateras, wanda tsayinsa ya haura mita 1,000, ya ratsa ta daga gabas zuwa yamma, ya raba ta gida biyu. Babban garinta shi ne Ayos Kirikos a kudu, sai Ebdilos a arewa. Tsibirin ba shi da mashigin ruwa mai kyau da jirage za su fake, ga kuma iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga arewa a lokacin zafi. Saboda haka ya daɗe a ware, fatake ba su cika yada zango a cikinsa ba.

Daular Usmaniyya ta karɓi ikon tsibirin a 1521. A wancan zamani 'yan fashin teku sun addabi tsibiran Ejiyan, sai mutanen Ikariya suka ƙaurace wa gaɓa, suka hau duwatsu, suka gina ƙananan gidaje a bayan manyan duwatsu da cikin kwazazzabai yadda ba za a hango su daga teku ba. Wannan ya haifar da ƙauyuka masu warwatsattsun gidaje, kowane gida da lambunsa da awakinsa. Wani babban limamin coci mai suna Joseph Georgirenes, a littafin da ya wallafa a Landan a 1678, ya siffanta talaucin mutanen tsibirin da kuma tsawon ransu.

A ranar 17 ga Yulin 1912 mutanen Ikariya suka kori 'yan tsirarun sojojin Turkiyya da ke tsibirin, suka kafa ƙasa mai cin gashin kanta ƙarƙashin jagorancin wani likita, Ioannis Malachias. Ƙasar ta yi tutarta da kan sarkinta, ta rayu 'yan watanni kafin ta haɗe da Girka a watan Nuwamba na wannan shekara. Haɗewar ba ta kawo ƙarshen wariya ba. A lokacin yaƙin basasar Girka na 1946 zuwa 1949, gwamnati ta mayar da tsibirin wurin ɗaurin talala, ta tura masa kimanin mutum 13,000 masu ra'ayin gurguzu, ciki har da shahararren mawaƙin nan Mikis Theodorakis. Ba a gina musu kurkuku ba, a gidajen talakawan ƙauyuka aka sauke su, suka raba ɗan abin da ke akwai tare. Talauci kuma ya kori 'yan tsibirin da yawa zuwa Atina da Amurka, inda suka kafa ƙungiyar 'yan Ikariya a jihar Fensilbeniya tun a 1903.

Abin da za a riƙe daga wannan tarihi shi ne, ƙauyen Ikariya ya shafe ƙarnoni yana sanin hukuma a matsayin mai karɓar haraji ko mai turo fursunoni, ba mai gina hanya ko makaranta ba. Duk abin da yake so, shi zai nemo hanyar yin sa.

3.0 Ma'anar Fanigiri da Lokutansa

Kalmar fanigiri ta samo asali ne daga tsohuwar kalmar Girkanci fanegiris, wadda ta haɗa kalmomi biyu masu ma'anar "duka" da "taro". A Girka ta dā, ana nufin babban taron da jama'a kan yi don girmama wani abin bauta, wanda yakan haɗa da yanka da wasanni da ciniki. Bayan zuwan Kiristanci sunan ya koma kan bikin waliyyai na cocin Otodoks. Akwai marubutan da suke danganta fanigirin Ikariya kai tsaye da bautar Diyonisus, abin bautar inabi na Girkawan dā, wanda wasu tatsuniyoyi suka ce a tsibirin aka haife shi. Ya kamata a yi hattara da irin wannan dangantawa. Kamancen suna da kamancen siffa ba su isa hujjar cewa al'ada ta gudana ba yankewa tsawon shekara dubu biyu ba. Abin da za a iya tabbatarwa shi ne bikin da ake gani a yau yana bin kalandar coci.

Kakar bukukuwan takan kankama ne daga watan Mayu ta kai har Oktoba. Daga cikin sanannu akwai na Waliyyi Isidoros a yankin Fezi ranar 14 ga Mayu, da na Waliyya Marina a Aretusa ranar 17 ga Yuli, da na Kiristos Rahes ranar 6 ga Agusta. Mafi girma su ne na ranar 15 ga Agusta, ranar da Kiristocin Otodoks suke tunawa da rasuwar Maryamu, wadda take zuwa bayan azumin mako biyu na ƙaurace wa nama. A wannan rana ne ake bikin Langada, wani kwari a duwatsun yammacin tsibirin inda mutane suka ɓuya a zamanin 'yan fashin teku. A yau kusan babu mazauna a wurin, amma dubban mutane sukan hau dutsen domin bikin.

Da yake kowane ƙauye da ranarsa, bukukuwan suna zagayawa ne. A watannin Yuli da Agusta da wuya mako ya wuce ba a yi biyu ko uku ba. Wannan zagaye yana da muhimmanci, kamar yadda za a gani nan gaba, domin mai masaukin yau shi ne baƙon gobe.

4.0 Tsarin Bikin

4.1 Ibada

Biki yakan fara da addu'ar yamma a jajibirin ranar waliyyi, ko da babbar addu'a da safiyar ranar. Akan kawo manyan burodi guda biyar limamin coci ya sa musu albarka, a yanka a raba wa jama'a. Masu kawo burodin galibi iyalai ne da suka yi bakance ko waɗanda wani nasu yake ɗauke da sunan waliyyin. Daga nan sai a koma dandalin coci ko na ƙauye, inda aka jera dogayen teburan katako da bencina. Wasu bukukuwan da rana suke farawa, kamar na Langada, wasu kuwa sai dare ya yi, a kwana ana yi har rana ta fito.

4.2 Abinci

Naman akuya shi ne jigon abincin fanigiri. A duwatsun Ikariya akwai awakin da ake saki suna kiwon kansu, waɗanda ake kira rasko. Suna da masu su, amma sun zama kamar na dawa, sai an yi dabara kafin a kama su. Tun kwana ɗaya ko biyu kafin biki mazan ƙauye suke yanka da fiɗa. Akan raba naman biyu, wani a dafa shi a manyan tukwanen ƙarfe a kan itace har ya yi laushi, wani a gasa shi. Romon dafaffen naman akan sha shi da burodi, kuma masu rawa sukan neme shi da asuba don su dawo da ƙarfinsu. Tare da naman akan kawo soyayyen dankalin Turawa, da haɗin tumatir da kokwamba da albasa da man zaitun, da cukun akuya. Mata da matasa su ne galibi suke feraye dankali da yanka kayan haɗi da kai wa tebura.

Yadda ake samun abincin shi ne abin lura. Babu kuɗin shiga, kowa yana iya zuwa ya zauna ya yi rawa. Amma nama da abin sha saye ake yi. Mutum yakan bi layi, a auna masa nama a sikeli, a naɗe masa a takarda kamar yadda mai tsire yake yi, ya biya, ya kai teburin da iyalinsa da abokansa suke. A can kowa hannu yake sawa a ci tare, kuma abu ne da aka saba a miƙa wa baƙon da ke gefe.

Abin shan bikin shi ne giyar inabi ta gida, baƙa mai ƙarfi, wadda da yawa suke surkawa da ruwa. Bisa al'ada a manyan randunan ƙasa da aka binne ake ajiye ta. Mutanen tsibirin suna alfahari da cewa ita ce giyar Firamniyos da aka ambata a waƙoƙin Homer. Ko ma dai ita ce ko ba ita ba ce, abin da ya shafi wannan nazari shi ne, kamar naman, ita ma daga gonakin tsibirin take fitowa, kuma sayar da ita yana cikin hanyoyin da biki yake samun kuɗi.

4.3 Kiɗa da Rawa

Babban kayan kiɗan fanigiri shi ne biyolin, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu. Yana samun rakiyar lawuto, wani kayan kiɗa mai dogon wuya dangin garaya, da kuma jita. Kafin biyolin ya yaɗu, ana amfani da lira, ƙaramin goge da ake dorawa a gwiwa, da tsabuna, wata irin algaita da ake haɗawa da salkar fatar akuya, mabushi ya cika ta da iska ya riƙa matsawa sauti yana fita ba yankewa. Har yanzu akan ji tsabuna a wasu bukukuwan.

Rawar da ta fi kowace daraja ita ce Ikariyotikos, wadda ta ɗauki sunan tsibirin. Masu rawa sukan dafa kafaɗun juna, maza da mata, yara da tsofaffi, su yi da'ira mai buɗaɗɗen baki suna tafiya dama. Takan fara a hankali da taku irin na tafiya, sannan mai biyolin ya ƙara sauri, takun ya koma gajere mai tsalle-tsalle. Idan jama'a suka yi yawa, da'irar takan naɗe cikin kanta kamar gammo, layi a cikin layi, har ɗaruruwan mutane su zama jiki guda. Mai biyolin yakan ja kiɗan ya daɗe, yana kallon masu rawa yana auna lokacin da zai ƙara wuta da lokacin da zai sassauta. Irin Ikariyotikos da ya shahara a sauran sassan Girka ta faifan mawaƙan zamani ya fi na tsibirin sauri, kuma 'yan tsibirin suna bambanta su.

A tsakanin zagayen Ikariyotikos akan kaɗa wasu raye-rayen tsibirai da na gaɓar Asiya Ƙarama, har ma da tango da wals, raye-rayen bibbiyu da suka shigo daga birane da ƙasashen waje suka zauna. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa bikin bai taɓa zama a daskare ba. Idan gari ya waye akan rufe da rawar fiferi, wato barkono, rawar ban dariya wadda mawaƙi yake umurtar masu rawa su goga wani sashe na jikinsu a ƙasa kamar masu niƙan barkono, wanda ya ƙi kuwa a tsula masa bel.

Akwai bambanci mai ma'ana tsakanin wannan tsari da na wasu yankunan babban yankin Girka, irin su Ifiros, inda kilarinet yake jagorancin kiɗa. A can iyali ko tawaga sukan nemi a kaɗa musu waƙa, su yi wa makaɗa liƙi, filin ya zama nasu har waƙar ta ƙare. A Ikariya filin na kowa ne a kowane lokaci, wanda ya ga dama ya kama kafaɗar na ƙarshe ya shiga. Don haka rawar ba ta ba mai kuɗi damar nuna kansa, kuma tana riƙe jama'a a wurin har safe. Tsawon daren kuwa shi ne tsawon cinikin nama da abin sha.

5.0 Bikin a Matsayin Baitulmali

Ƙungiyar ƙauye ko kwamitin coci ne suke shirya fanigiri. Masu yanka da masu dafuwa da masu awo da masu kai abinci da masu shara duk 'yan ƙauyen ne, kuma ba a biyansu ko sisi. Bayan an fitar da kuɗin awaki da sauran kayan da aka saya da ladan makaɗa, ribar takan shiga asusun ƙauye. Da irin wannan kuɗi ne ƙauyuka suka gyara hanyoyi, suka shimfiɗa dandali, suka gyara coci da makaranta, suka gina zauren taro da wuraren tara ruwa, wani lokaci kuma a tallafa wa marar lafiyan da ya rasa kuɗin magani. Ke nan wanda ya sayi kilo ɗaya na nama ya biya wani irin haraji ne, amma harajin da ya biya da son ransa, ya ci ya sha a kansa, kuma zai ga abin da aka yi da shi da idonsa.

Ra'in Marcel Mauss yana taimakawa wajen fahimtar wannan. A nazarinsa kan kyauta da ya fito a 1925, Mauss ya nuna cewa a al'ummomi da yawa kyauta tana ɗauke da wajibai uku: bayarwa da karɓa da ramawa. A fanigiri, ɗan ƙauye yana ba da aikinsa, baƙo yana ba da kuɗinsa da halartarsa. Mutanen ƙauyen da aka je wa biki kuwa sun ci bashi, sai sun je na maƙwabtansu sun kashe nasu kuɗin. Ta haka kuɗi yake zagaya tsibirin daga wannan asusu zuwa wancan, kuma ƙauyen da 'ya'yansa ba sa zuwa bikin kowa zai ga bencinansa babu kowa ranar nasa. Haka nan 'yan ci-rani na Atina da Amurka sukan daidaita hutunsu da ranar bikin ƙauyensu. Wanda ya dawo ya ɗaura gyauton aiki ya tsaya a bakin tukunya ya sabunta matsayinsa na ɗan gari, ko da a ƙasar waje aka haife shi.

Ra'i na biyu shi ne na Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009. A littafinta na 1990 ta nuna cewa jama'a suna iya kula da dukiyar da suka yi tarayya a kanta ba tare da hukuma ko ɗan kasuwa ba, idan an san iyakar masu haƙƙi, kuma su ne suke tsara dokokin, suna kuma iya sa ido a kan juna. Fanigiri ya cika waɗannan sharuɗɗa. An san 'yan ƙauye, su ne suke yanke shawarar abin da za a yi da riba, kuma a ƙauye mai mutum ɗari ko ɗari biyu ba a ɓoye wanda ya zo aiki da wanda ya noƙe.

Ba duk tsibiran Girka ne suke bin wannan tsari ba. A tsibirin Sifnos, mutum ɗaya ne yake ɗaukar nauyin bikin shekara. Yakan ajiye hoton waliyyin a gidansa tsawon shekara, ranar biki ya ciyar da kowa kyauta da miyar wake da nama, sannan ya miƙa hoton ga wanda zai gaje shi. A Sifnos dukiya tana fita ne daga hannun mutum ɗaya zuwa cikin jama'a, shi kuma ya sami lada da girma. A Ikariya tana fitowa daga aljihun kowa ta taru a asusu guda. Suna ɗaya ne, waliyyai iri ɗaya ne, amma aikin da bikin yake yi ya bambanta.

6.0 Sauye-sauye da Ƙalubale

Sauyi na farko ya zo ne daga tsarin mulki. Gyare-gyaren ƙananan hukumomi da Girka ta yi a ƙarshen shekarun 1990 sun haɗe majalisun ƙauyuka, sannan a 2011 aka mayar da ƙananan hukumomi uku na tsibirin suka zama ɗaya. Wannan ya zo daidai da matsalar bashin da ta kama Girka daga 2010, wadda ta rage kuɗin da gwamnati take kashewa. Hukuma ta ƙara nisa da ƙauye, sai nauyin da ke kan ƙungiyoyin ƙauyuka da bukukuwansu ya ƙaru. An ga girman wannan dogaro a 2020, lokacin da gwamnati ta hana bukukuwan saboda annobar korona, asusun ƙauyuka suka rasa babbar hanyar shigarsu.

Sauyi na biyu shi ne shahara. Marubucin nan ɗan Amurka Dan Buettner ya sanya Ikariya cikin yankuna biyar na duniya da ya ce mutanensu sun fi tsawon rai, kuma maƙalarsa a jaridar New York Times a 2012 ta yayata sunan tsibirin. Kafin nan, a 2010, hukumar UNESCO ta sanya tsarin cimar Bahar Rum cikin jerin al'adun gado na duniya, inda ta jaddada cin abinci tare da bukukuwa a matsayin ɓangarensa. Matasan Atina da baƙi daga ƙasashen waje suka riƙa tururuwa a watan Agusta.

Ta fuskar kuɗi wannan riba ce, domin baƙo ma yana sayen nama. Amma ya zo da matsaloli. Ƙauye mai tsofaffi da yawa da matasa kaɗan yana wahala kafin ya ciyar da dubban mutane da aikin sa kai. Motoci sukan cushe ƙananan hanyoyin dutse, shara da robobi su taru. Dandalin yakan cika har tsofaffin gari su rasa wurin sa ƙafa a rawar da suka gada. Babbar matsalar kuwa ita ce baƙon da ya zo daga nesa ba ya cikin zagayen ramawa. Ya biya kuɗinsa, ya tafi, babu bikinsa da za a je. Idan irinsa suka rinjayi taron, alaƙar kyauta takan koma alaƙar mai saye da mai sayarwa, daga nan kuma ɗan ƙauyen da ya kwana a bakin tukunya zai fara tambayar dalilin da zai sa ya yi wa baƙi aiki kyauta. Wannan ne ya sa 'yan tsibirin da yawa suka fi ɗaukar ƙananan bukukuwan Mayu da Satumba da Oktoba a matsayin nasu na ainihi.

Akwai kuma batun awaki. Yawansu a duwatsu ya ninka na mutane, kuma kiwon da ba shi da iyaka ya cinye tsirrai ya jawo zaizayar ƙasa a sassa da dama. Wannan yana tunatar da cewa al'ummar da ta iya kula da dukiyar tarayya guda tana iya gazawa a wata.

7.0 Abin Lura ga Manazarta Al'adun Hausawa

A Hausa kalmar biki tana da ma'ana biyu: taron shagali, da kuma gudummawar da ake kai wa mai hidima wadda wajibi ne ya rama ranar da ta mai bayarwa ta zo. Wannan ma'ana ta biyu, wadda ta fito sosai a labarin rayuwar Baba ta Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954, ita ce ainihin abin da ke riƙe da fanigiri. Aikin gayya da ajo su ma suna haɗa kiɗa da ci da tara ƙarfi ko kuɗi don wata buƙata. Bambancin shi ne a Ikariya mai cin moriyar ƙauye ne gaba ɗaya, ba gida guda ba.

Darasin da ya fi muhimmanci na hanyar nazari ne. Bukukuwa irin su kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sanya cikin jerinta a 2016, da hawan sallar Kano da ya shiga a 2024, suna fuskantar sha'awar baƙi da hukumomi. Siffanta tufafi da kiɗa da jerin gwano bai wadatar ba. Sai an tambayi wanda yake ɗaukar nauyi, da wanda yake yanke shawara, da inda amfanin yake komawa, kafin a san ko bikin yana hannun masu shi.

8.0 Kammalawa

An ga yadda warewar Ikariya da nisanta da hukuma suka sa ƙauyukanta suka mayar da ranar waliyyi hanyar tara kuɗin ayyukan jama'a. An kuma ga yadda kowane ɓangare na bikin yake taimaka wa wannan manufa: nama da abin sha daga tsibirin suke fitowa, aiki na sa kai ne, rawa ta kowa ce kuma tana riƙe taro har safe, zagayen ranaku kuwa yana tilasta wa ƙauyuka rama wa juna ziyara. Shigowar tango da jita da lasifika ba ta rushe wannan tsari ba, domin ba ta taɓa asusun ba. Abin da zai iya rushe shi shi ne ranar da ƙungiyar ƙauye za ta ga aikin ya fi ƙarfinta ta miƙa shi ga ɗan kwangila. A ranar za a ci gaba da dafa akuya da kaɗa Ikariyotikos kamar yadda aka saba, amma ribar za ta bi jirgin ruwa ta bar tsibirin.